Babbar Hanyar Intanet: Jawabi Ga Mutanen Tsaskiya Da Kewaye

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makaranta, ɗan asalin ƙasar Safana, ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci da sauran jama'a a garin Tsaskiya. Mun buga shi domin amfanin masu karatunmu. A karanta a hankali, a kuma karanta wa waɗanda ba su kai ga iya karatu ba tukuna.



Masu girma iyayen ƙasa, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, matasa, da ɗaliban yaƙi da jahilci maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Na ga baƙi daga Runka da Zakka da Babban Duhu, na ga kuma 'yan'uwanmu na ƙasar Batsari. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi muku bayani a kan wata magana da muke yawan ji a rediyo. Maganar ita ce, a shimfiɗa babbar hanyar intanet a duk faɗin jiha. Hanyar za ta haɗa makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati da wuraren kasuwanci. Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Wata za ta ce, wannan ai zancen mutanen birni ne. To, ku ba ni aron kunnuwanku, in mun gama sai kowa ya yanke wa kansa hukunci.

MU TUNA DA SHEKARAR 2021

Zan fara da abin da kowa ya sani. A watan Satumba na shekarar 2021, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina. Safana da Batsari suna ciki, haka ma Jibiya da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsin-ma da Ƙanƙara. An yi haka ne domin a raba ɓarayin daji da masu kai musu labari. Sai wajen ƙarshen shekarar aka fara mayar da sabis.

Kun tuna yadda muka yi a waɗannan watanni? Wayar da ke aljihunmu ta koma tocila da rediyo. Wanda ɗansa ke neman kuɗi a Legas ko Fatakwal bai san halin da yake ciki ba. Ɗan ma bai san ko iyayensa suna raye ba. Masu POS sun rufe runfunansu. Mai son ya yi magana ta minti biyu sai ya biya kuɗin mota zuwa inda ake samun sabis.

Ni da nake gabanku, a lokacin mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ƙanena yana Kano, shi ne kuma mai taimaka mana da kuɗin magani. Sai na yagi takarda na rubuta wasiƙa, na ba wani direba, kamar yadda iyayenmu ke yi a da. Kwana huɗu kafin amsa ta dawo. Allah ya sa da sauran kwananta a gaba, ta warke. Amma waɗannan kwana huɗu ba zan manta da su ba.

Wani abu kuma da na lura da shi a lokacin: maƙwabta sun riƙa sallama a ƙofar gidana in rubuta musu wasiƙa. Dattijo mai mutunci ya zauna ya faɗa mini sirrin gidansa, don bai iya rubutu ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Saboda haka, mu mutanen wannan yanki, babu mai koya mana darajar sadarwa. Mun ɗanɗana rashinta.

MECE CE WANNAN HANYA?

Kowa ya san dogon ƙarfen sabis. Shi ne wayarka take magana da shi. To, amma shi ƙarfen, daga ina yake samun abin da yake ba ka?

Bari in kawo misali da ruwa. Ƙarfen sabis kamar kan famfo yake. Idan bututun da ke kawo masa ruwa siriri ne, sai ruwan ya riƙa ɗiga. Mutum goma su yi layi, kowa ya ƙosa. Idan kuwa bututun babba ne, kowa ya cika tulunsa nan da nan. Ƙarafa da yawa na karkara suna karɓar saƙo ne ta iska, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ta wani faranti da ke manne a jikinsu. Wannan shi ne siririn bututu. Shi ya sa ranar kasuwa, da jama'a sun yi yawa, sai ka ji ana cewa sabis ya ɗauke.

Babban bututun shi ne wayar da ake kira faiba. Mu kira ta wayar gilashi. A cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai. Haske ne ke gudu a cikin zaren, shi ne yake ɗauke da murya da rubutu da hoto. Zare ɗaya yana iya ɗaukar maganar dubban mutane a lokaci guda, babu mai jiran wani. Akan sa wayar cikin bututun roba a binne ta a gefen titi, ko kuma a rataya ta a kan turakun wutar lantarki.

Idan aka ce babbar hanyar intanet ta jiha, ana nufin a ja wannan waya daga babban birnin jiha zuwa hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Daga nan a yi mata rassa zuwa sakatariya da asibiti da makaranta da kasuwa da ƙarafan sabis. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Tsaskiya ɗaya ce daga cikin waɗannan mazaɓu. Kun ga aikin ba ƙarami ba ne.

DAGA INA TAKE TASOWA?

Kafin shekarar 2001, layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A cikin wannan shekara ne aka fara wayar salula. Dattawan da ke nan sun tuna lokacin da mai son buga waya sai ya tafi Katsina ya bi layi.

Intanet kuwa, mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake shigowa ƙasarmu. An shimfiɗa manyan wayoyin gilashi a ƙasan teku daga Turai, suka biyo gaɓar Afirka ta Yamma, suka fito a Legas. Biyu daga cikinsu, MainOne da Glo-1, sun fara aiki a 2010. A 2022 kamfanin Google ya kawo tasa mai suna Equiano. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka tsinke a teku, wajen ƙasar Kwaddibuwa. Nan take bankuna suka rikice a Nijeriya, tura kuɗi ya gagara. Ku duba ikon Allah: waya ta tsinke a cikin teku, mai shago a ƙasar Katsina ya kasa karɓar kuɗinsa.

Wato dai abin ya iso bakin teku da yawa. Wahalar ita ce kawo shi cikin ƙasa, har ya iso irin garuruwanmu. Mu a nan muna da misali a kusa da mu. An gama gina madatsar ruwa ta Zobe, kusa da Dutsin-ma, a 1983. Amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin da ke kai ruwanta cikin bututu zuwa birnin Katsina. Shekara kusan 40 ruwa yana kwance, jama'a suna sayen na garuwa. Ruwa a madatsa daban, ruwa a randa daban. Haka intanet yake.

INA AKA KWANA?

Gwamnatin Tarayya ta yi shiri na shekara 5, daga 2020 zuwa 2025. Burinta shi ne mutum 70 cikin 100 su sami intanet mai ƙarfi. Da wa'adin ya cika, wajen rabin jama'a ne aka kai. Sauran rabin kuwa, yawancinsu mu ne mutanen karkara.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wani sabon shiri na shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000. Wadda ake da ita kafin nan wajen kilomita 35,000 ce. A wannan shekara kuma aka fara shirin kai intanet sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Ministan sadarwa Dokta Bosun Tijani ne ya jagoranci waɗannan shirye-shirye.

To, jiha fa? Abu biyu zan faɗa muku. Na farko, akwai kuɗin da jihohi ke karɓa daga kamfanonin waya kafin su bar su su haƙa ƙasa su binne waya. Wasu jihohi sun riƙa karɓar dubban nairori a kan kowace mita ɗaya. Daga baya aka yi yarjejeniya a tsaya a kan naira 145. Mu yi lissafi tare. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, kuɗinta ya zama naira 145,000. Idan za a ja waya kilomita 50, kuɗin izini kaɗai ya kama naira miliyan 7 da dubu 250. Ba a sayi waya ba, ba a biya leburori ba. Idan kuɗin ya yi yawa, kamfani sai ya tsaya a birni inda zai mayar da kuɗinsa da wuri. Jihar Katsina ta rage wannan kuɗi zuwa naira 145 a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Daga baya ta shiga cikin jihohin da suka yafe shi baki ɗaya.

Na biyu, bayan Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya hau mulki a 2023, an kafa hukuma ta musamman mai kula da fasahar sadarwa a jiha, wadda ake kira KATDICT.

Waɗannan matakai ne masu kyau. Amma kada in ruɗe ku. Buɗe ƙofa daban, shigowar baƙo daban. Kowa ya duba makarantarmu da ɗakin shan maganinmu, ya san akwai sauran tafiya.

Kada kuma ku ɗauka abin mafarki ne. Maƙwabciyarmu Jigawa ta fara gwada irin wannan tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Ta kafa kamfanin sadarwa mai suna Galaxy a Dutse, da makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. A ƙasar Indiya kuma akwai wata jiha mai suna Kerala. A watan Yuni na 2023 ta buɗe tata hanyar, wadda aka rataya a kan turakun wutar lantarki. An tsara ta ne domin ta haɗa ofisoshi da makarantu da asibitoci wajen 30,000, ta kuma kai intanet kyauta gidajen marasa ƙarfi. Su ma mutane ne kamarmu, kuma da yawansu manoma ne.

AMFANINTA GA MAKARANTA

Tun daga 2015, jarrabawar JAMB ta shiga jami'a da kwamfuta kawai ake yin ta. Hukumar WAEC ma ta fara gwada haka a 2024. Ku dubi yaronmu na ƙauye. Ya yi shekara 12 yana karatu, yana da ƙwaƙwalwa. Amma ranar jarrabawa ita ce ranar da ya fara taɓa kwamfuta. Hannunsa yana rawa, lokaci yana tafiya. Ɗan birni da ya saba ya gama ya fita. Wannan yaro bai faɗi don rashin ilimi ba, rashin sabo ne ya kayar da shi.

Ga Jami'ar Tarayya nan a Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Suna kusa da mu. Amma ƙofar shiga jami'a ta kwamfuta ce.

Har ila yau, makarantunmu suna fama da ƙarancin malamai, musamman na lissafi da kimiyya. Wasu malaman suna tsoron zuwa yankinmu saboda halin tsaro. Idan makaranta tana da intanet mai ƙarfi, malami ɗaya a Katsina yana iya koyar da azuzuwa da yawa a lokaci guda. Yara suna ganinsa a allo, suna yi masa tambaya. Wannan ba zai maye gurbin malamin aji ba, amma ya fi a bar yara zaune babu darasi.

AMFANINTA GA ASIBITI

Iyayenmu mata, wannan ɓangare naku ne. Kun san yadda ake yi idan haihuwa ta zo da gardama da dare. A nemi mota, a yi fargabar hanya. A isa asibiti, a ce likita ba ya nan, ko babu jini, a wuce gaba. Mun rasa mata da jarirai da yawa a irin wannan yawo.

Idan ɗakin shan magani na mazaɓa yana haɗe da babban asibiti, abubuwa za su yi sauƙi. Ma'aikaciyar lafiya za ta iya nuna wa likita marar lafiya ta hoto mai motsi. Likitan yana iya kasancewa a Dutsin-ma ko Batsari, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Shi zai ce, ba ta magani kaza, ko kuwa ya ce, ku taho da ita yanzu. Kafin mota ta isa, an san da zuwanku, an tanadi gado da jini.

Bugu da ƙari, idan amai da gudawa ko ƙyanda ta ɓulla a wani ƙauye, labari zai isa ma'aikatar lafiya a ranar. Idan magani ya ƙare a ɗakin ajiya, za a gani daga can. Katin marar lafiya ma ba zai ɓata ba, ko da gara ta ci takarda.

AMFANINTA GA OFIS DA KASUWA

Mutum nawa ne a nan suka yi sammako zuwa yin katin ɗan ƙasa, suka wuni, aka ce musu babu sabis, su dawo gobe? Na ga hannuwa da yawa. Ni ma sau uku na je wani ofis a kan takarda ɗaya. Kuɗin mota ya tafi, aikin gona ya tsaya. Yanzu rajistar katin ɗan ƙasa, da buɗe asusun banki, da yawancin tallafin gwamnati, duk ta intanet ake yin su. Ofishin da ba shi da intanet mai ƙarfi, jama'a ne ke shan wahalarsa.

Akwai wani amfani kuma. Idan an rubuta sunayen masu karɓar taki ko tallafi a kwamfuta, ana gani daga sama har ƙasa. Zai yi wuya wani ya goge sunanka ya sa na ɗan'uwansa ba a gane ba.

Kasuwa kuwa, mun ga darasi a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta ɓace. Mutum ya kai akuya kasuwa, mai saye ya ce sai dai ya tura kuɗi ta waya. A tura, saƙo ya ƙi zuwa, a tsaya ana rantse-rantse. Wasu sun sayar da hatsinsu da asara don kawai su riƙe takardar kuɗi a hannu. Da sabis mai ƙarfi, da wahalar ta ragu.

Kazalika, manomin da ya san farashin wake ko gero a kasuwar Dawanau ta Kano kafin ya ɗaure buhunsa, ba a yi masa wayo da sauƙi. Mai ɗinkin hula da mai man gyaɗa suna iya nuna kayansu ga masu saye a nesa, suna zaune a ɗakinsu.

GASKIYAR DA BA A SON FAƊA

Ba zan tsaya a kan daɗi kaɗai ba. Akwai tambayoyi masu nauyi.

Wani dattijo ya tambaye ni: Malam, wannan abu ba zai ƙara wa ɓarayin daji ƙarfi ba? Tambayarsa tana kan hanya. Gaskiya ne, mugu yana amfani da waya. Amma mu tuna, a watannin da aka rufe sabis, wanda aka shigo wa gari da dare shi ma bai sami hanyar kiran taimako ba. Wuƙa tana yanka nama, tana kuma yanka mutum. Maganin mai kai wa ɓarayi labari shi ne a gano shi a miƙa shi ga hukuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, wutar lantarki. Kwamfuta ba ta aiki da iska. Duk makaranta ko asibitin da za a kai wa intanet, dole a haɗa masa da wutar sola da batura masu kyau. In ba haka ba, kayan za su zama abin ado.

Na uku, gyara da kulawa. Mun sha ganin an kawo kaya an yi biki, an ɗauki hoto. Bayan wata shida abu ya lalace, babu mai gyara, a kulle ɗaki ƙura ta rufe. Dole a koya wa 'ya'yanmu na nan gyaran waɗannan kaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Na huɗu, 'yan damfara. Suna nan da yawa. Za a kira ka a ce daga banki ne, ko an ba ka tallafi, ka faɗi lambar sirrinka. Ku ji da kyau: banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Duk wanda ya tambaye ka, ɓarawo ne, kashe wayarka. Haka kuma ba duk abin da aka turo a waya ne gaskiya ba. Kada ka yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba, musamman na tashin hankali. Iyaye kuma su sa ido a kan abin da yara ke kallo.

MENE NE AIKINMU?

Na farko, mu tambaya. Idan kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ya zo, mu yi masa tambaya cikin ladabi. Yaushe wayar gilashi za ta iso Safana da Batsari? Idan ta iso, makarantarmu da ɗakin shan maganinmu suna cikin lissafi? Wa zai biya kuɗin wata-wata? Wa zai yi gyara? Mu rubuta buƙatarmu a takarda, ƙungiyoyinmu su sa hannu, mu ajiye kwafi. Kamfani yana bin inda riba take. Idan muka yi shiru, wayar za ta bi babban titi ta wuce mu. Kun san ƙauyukan da manyan wayoyin lantarki suka bi ta kansu, su kuwa suna kwana cikin duhu. Kada mu bari a maimaita mana haka.

Idan kuma kamfanin waya ya cuce ka, ka kai masa kuka bai share maka hawaye ba, akwai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC. Lambarta ta karɓar koke ita ce 622, kuma kiran kyauta ne.

Na biyu, mu tsare kayan. Hukumar NCC ta ce a 2024 an tsinka wayar gilashi fiye da sau 50,000 a ƙasar nan. Fiye da rabi wajen aikin titi ne aka yi ɓarnar. Saura kuwa har da masu haƙa da masu sata. Ina so matasa su ji wannan: babu jan ƙarfe a cikin wayar gilashi. Ɗan gwangwan ba zai saya ba. Wanda ya tsinka ta bai sami ko sisi ba, amma ya yanke asibiti da banki da makaranta. Tun 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin manyan kadarorin ƙasa, taɓa su babban laifi ne. Idan ka ga alamar waya a gefen gonarka, kada ka haƙa rami ko ka ƙona ciyawa a wurin. Idan ka ga ana kwance batura ko sola a gindin ƙarfen sabis, ka sanar da mai unguwa. Ma'aikatan da za su zo aikin kuma baƙinmu ne, mu riƙe su amana.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, mu shirya kanmu. Kun tuna dattijon da na ce ya faɗa mini sirrin gidansa don in rubuta masa wasiƙa? To, yau ma haka ake yi. Mutum ya miƙa wa yaro wayarsa ya karanta masa saƙon banki. Ya faɗa wa mai POS lambar sirrinsa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, don bai iya danna lambobi ba. Mace ta kasa gane ko kuɗin da ɗanta ya turo dubu 5 ne ko dubu 50. Duk ƙarfin intanet, wanda bai iya karatu ba a hannun wani yake.

Saboda haka, ku ɗaliban wannan aji, kun riga kun kama hanya. Baƙaƙen da kuke koya a allo su ne a kan waya. Lambobin da kuke rubutawa su ne na asusun banki. Ina roƙon malamanku su riƙa ware ɗan lokaci kowane mako domin koyon waya. A koyi rubuta suna, da karanta saƙon kuɗi, da ajiye lamba, da ɓoye lambar sirri. Magidanta kuma ku bar matanku su zo aji, ku bar 'ya'yanku mata su yi karatu. Ma'aikaciyar lafiyar da za ta yi magana da likita ta kwamfuta a ɗakin shan maganinmu, daga cikin 'ya'yanmu ya kamata ta fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KAMMALAWA

Jama'a, na ɗauki lokacinku da yawa. A taƙaice, hanyar nan tana tafe, amma ba ta san sunan Tsaskiya ba sai mun faɗa mata. Mu nema ta hanyar shugabanninmu. In ta zo mu tsare ta. Kafin ta zo kuma, kowa ya dage da karatu.

Ina roƙon kowane ɗalibi ya yi abu ɗaya a wannan mako. Ka ɗauki wayarka, ko ta maƙwabcinka, ka rubuta saƙo da hannunka zuwa ga wani ɗan'uwa da ke nesa. Ko da kalma uku ce: muna nan lafiya. Mako mai zuwa ka zo aji ka karanta mana amsar da ya ba ka.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Safana da Batsari da Jihar Katsina baki ɗaya. Allah ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa 'ya'yanmu su fi mu.